Wanda ya ɓata ba abin hira ba ne

'Yan uwana matasan Kaduna, ina da magana da ku kan yadda muke riƙe labarin mutanen da suka ɓata.

Kusan kowa a garin nan ya san sunan Abubakar Idris, wato Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. A daren da ya waye 2 ga Agusta 2019, yana shigowa gidansa a Barnawa, wasu mutane suka tusa ƙeyarsa cikin motarsa suka yi gaba da shi. Hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, ta ce ba ya hannunta. Har yau ba amo ba labari. Iyakar abin da ya tabbata ke nan.

Amma zauna a teburin mai shayi a Kawo ko Tudun Wada, ko ka leƙa Facebook, za ka tarar da masu rantsuwa cewa sun san wanda ya ɗauke shi da inda aka kai shi. Idan ka ce wa ya gaya maka, sai a ce "ai an ce". Wasu kuma ba sa tuna shi sai zaɓe ya ƙarato, su ɗauko hotonsa su jefi abokin hamayya, da an gama ƙuri'a su ajiye. Wallahi wannan yana ci mini rai. Tambayar hukuma ina yake haƙƙinmu ne, kuma kada mu gaji da yi. Laƙaba wa wani laifin ba hujja kuwa ƙazafi ne, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari.

Ku dubi gidan da aka ɓatar wa mutum. Wanda ya rasu an yi masa sallah, an karɓi gaisuwa, an raba gado. Nan kuwa babu ko ɗaya. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓata sai ta kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Dukiyarsa ma ba a raba ta nan kusa. Duk tsawon wannan lokaci, wayar uwa ba ta nisa da hannunta, baƙuwar lamba ta kira gabanta ya faɗi. To kai da ka tura "an ga gawarsa a hanyar Birnin Gwari" cikin guruf ɗin WhatsApp don a ce kai ka fara kawowa, ka san wa saƙon zai isa kafin magariba?

Ku tuna Manjo Janar Idris Alkali, wanda ya ɓata ranar 3 ga Satumba 2018 a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi. Jita-jita ba ta gano shi ba. Sojoji ne suka bi sawu har Dura-Du kusa da Jos, suka yi kwanaki suna zuƙe ruwan wani tsohon kududdufin haƙar ma'adinai har motarsa ta bayyana, daga baya aka ciro gawarsa a wata rijiya. Shi babban mutum ne, an tsaya masa. Ɗan talaka ba shi da mai tsaya masa sai mu, shi ya sa ɓata sawu da surutu ya fi cutar da shi.

Idan wani ya ɓata a unguwarku, kada a zauna jiran gobe. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda a ranar, a duba asibitoci, a rubuta kayan da ke jikinsa, wurin da aka yi masa ganin ƙarshe da wanda ya kira shi a waya. Wanda ya ga wani abu ya kai wa iyalin da masu bincike, ba intanet ba. Kada ku baza lambar mahaifinsa sai da izininsa, domin 'yan damfara na bibiyar irin wannan cigiya, su kira su ce yaron yana hannunsu, su karɓi kuɗi su kashe waya.