Sai Ka Nuna Kati Kafin a Ba Ka Dankali

Mutane da yawa sun ɗauka masu tsattsauran kishin ƙasa a Turai ba ruwansu da talaka. Ni dai ban yarda ba. Suna taimaka wa talaka, taimako na gaske, kuma da shi suke kama zukata. Abin da ke ci min rai shi ne sharaɗin da suke gindayawa.

Ku dubi Girka a 2012. Bashi ya durƙusar da ƙasar, an zabge albashi da fansho, magidanta suna bin layin abincin sadaka. Sai jam'iyyar Golden Dawn ta fito dandalin Syntagma a birnin Atina tana rabon dankali da taliya da madara. Amma kafin a miƙa maka leda, sai ka nuna katin shaida an tabbatar kai Bagirke ne. Baƙo, ko yunwa za ta kashe shi, ya kauce. Har gangamin ba da jini suka yi, wai na Girkawa zalla. Jini fa, jama'a! A zaɓen Yuni na shekarar suka samu kujera 18 a majalisa.

Ba na zargin tsohuwar da ta karɓi ledar nan. Yunwa ba ta da kara, kuma manyan jam'iyyu sun bar ta a rana. Amma tare da dankalin an cusa mata wani karatu: wai talaucinta daga baƙon da ke wanke gilashin mota a titi ya fito, ba daga waɗanda suka ciwo bashin ba.

A Faransa ma an gwada. A 1998 hukumar garin Vitrolles, ƙarƙashin jam'iyyar Front National, ta ware faran 5,000 ga kowace haihuwa, muddin ɗaya daga cikin iyaye Bafaranshe ne ko ɗan Tarayyar Turai. Kotu ta soke. Har yau Marine Le Pen, jigo a wannan jam'iyya da yanzu ake kira Rassemblement National, na son a fifita ɗan ƙasa wajen aiki da gidajen gwamnati, alhali baƙon ma'aikaci yana biyan haraji kamar kowa.

Su kuwa masu rabon dankalin na Girka, a cikin watan zaɓen nan na Yunin 2012 mutanensu suka afka wa wasu masunta 'yan Masar da dare a Perama, kusa da Atina, suka yi wa ɗaya jina-jina. A 2013 ɗan jam'iyyar ya daɓa wa mawaƙi Pavlos Fyssas wuƙa ya mutu. Sai a Oktoban 2020 kotu ta ce ƙungiyar miyagu ce, aka ɗaure shugabanninta.