Tsoronmu ya zama jarin wasu

To, an gama taron addu'ar da aka kira "daren kariya", mai wa'azin da ke kiran kansa annabi ya tattara nasa ya kama hanya. Sannu da aiki, Baba Annabi! Man zaitun ɗin da ke jibge a kowane kantin magani ka sayar wa gwauraye mata kwalba dubu biyar-biyar, wai duk wanda ya shafa a goshi masu garkuwa ba za su gan shi ba. Mu dai da idonmu muka ga motarka ta fita da 'yan sanda biyu riƙe da bindiga. Ashe man ba ya kama mai shi.

'Yan'uwa, tsoro ake sayar mana. Ranar Laraba a turo murya a WhatsApp cewa za a kawo hari, ranar Juma'a mai kwalba ya iso. Wata mama a zumuntar mata ta sayar da tiya uku na masararta don ta saya wa ɗanta mai bin hanyar Kaduna da mota. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, uwa ce, ba ta barci. Laifin na wanda ya leƙa zuciyarta ya ga kasuwa ne.

Na san za ku cika min akwati da "kada ka taɓa shafaffe na Ubangiji". Ku huta. Wanda ya shafa wa kansa ai ba shafaffe ba ne. Masu cewa sun shafa sun je Abuja sun dawo lafiya, maƙwabcina ma ya je ya dawo, ko man kaɗanya bai shafa ba.

Ina Rabaran Lawan Andimi na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), wanda ya shugabanci CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, a Michika ta jihar Adamawa? A Janairun 2020 Boko Haram suka kama shi. A bidiyon da suka fitar, mutumin nan yana zaune a hannunsu, murya a natse, yana gaya wa iyalinsa kada su yi kuka, su gode wa Allah, in ma bai dawo ba nufin Allah ne. Bai dawo ba. Wa zai buɗe baki ya ce bangaskiyarsa ce ta gaza? Leah Sharibu fa, ɗalibar nan Kirista da aka ɗauke daga makarantarsu a Dapchi tun Fabrairun 2018, kwalba ce ta rasa?

Shadrak, Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, in kuma bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba. Wannan "in kuma bai" ɗin ne ba a iya zubawa a kwalba. Ni ma gabana yana faɗuwa in na ji ƙarar babur da tsakar dare. Sai in buɗe Ishaya 41:10, in karanta har numfashina ya daidaita. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Nehemiya kuma da ya yi addu'a, masu tsaro ya sa dare da rana.

Af, tunda maganar tsaro ta zo: dattawan ikilisiya, fitilar ƙofar baya ta mutu tun Ista, an yi baiko na musamman dominta, har yau shiru. Sakatare, ina aka kwana?