Faɗuwa Ta Zo Daidai da Zama, Har Sau Biyu

Ƙannena samari, da ku nake yau. Ran nan da daddare wani ɗan maƙwabcina ya same ni a teburin mai shayi yana washe baki, ya miƙo mini wayarsa. Ya buga cacar ƙwallo ya ci, bayan sati biyu ya sake bugawa ya sake ci. Ya ce, "Yaya, na farko sai a ce katari ne. Amma sau biyu fa? Ai wannan alama ce, ƙofa ce Allah ya buɗe mini." Na ce ya fara yin istigfari tukuna, don Allah ba ya buɗe wa bawa ƙofar da shi da kansa ya rufe, kuma aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri ɗaya ta ce a nisance su. Sai dai na lura hukuncin ba baƙonsa ba ne, tun yana Islamiyya ya san shi. Wannan "sau biyun" ce ta rikita masa lissafi, kuma ita nake so mu zauna a kanta.

Ba na musun cewa abin mamaki yakan maimaitu. Yakan yi, har ya wuce yadda hankali zai ɗauka. Akwai wani mutum a Amurka, Roy Sullivan, ma'aikacin gandun dajin Shenandoah a jihar Bajiniya, wanda aradu ta faɗa masa sau bakwai tsakanin 1942 da 1977, kuma ko ɗaya ba ta yi ajalinsa ba. Ta farko ta same shi wajen hasumiyar da ake hawa don hangen gobarar daji. Wata ta same shi cikin motarsa ta ƙone masa gira, wata a harabar gidansa, wata ta cinna masa wuta a gashin kai, ta ƙarshe kuma yana tsaka da kamun kifi. Abin ya kai ya riƙa yawo da gwangwanin ruwa saboda kashe wutar kansa. Mutane suka riƙa gudunsa da zarar hadari ya taso, kuma wannan gudun ya ci masa rai ƙwarai.

Ku ɗauka a garinmu aka yi wannan. Kafin ta uku an gama yanke masa hukunci: ko ya yi rantsuwar ƙarya, ko ya ci dukiyar marayu, ko kuwa wani ne ya tura masa. Mu da muke rantsuwa da aradu, ai ba za mu yarda ta faɗo a banza ba. To amma ku dubi sana'ar mutumin. Fiye da shekara talatin yana aiki a fili, a saman duwatsu, cikin dogayen itatuwa, a yankin da ake yawan tsawa, kuma lokacin da kowa ke neman mafaka shi aikinsa ne ya fita. Duk da haka bakwai ta yi yawa, ni ma na yarda. Amma mai kwana a bakin rafi da mai kwana a kan tudu ba ɗaya suke wajen gamuwa da kada ba.

Haka labarin Tsutomu Yamaguchi, injiniyan kamfanin Mitsubishi a Japan. Aiki ya kai shi Hiroshima, yana can aka jefa bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta 1945. Ya ƙone amma ya rayu, ya lallaɓa ya hau jirgin ƙasa ya koma garinsu. Garin nasu kuwa Nagasaki ne. Ranar 9 ga wata yana ofis yana ba shugabansa labarin abin da ya gani, sai na biyun ya faɗo. Ya sake tsira, bai rasu ba sai 2010 yana da shekara 93. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ma ajali. Ba shi kaɗai ne bama-baman biyu suka rutsa da shi ba, don garuruwan biyu na masana'antu ne, ma'aikata na kai da komowa tsakaninsu.

Inda hankalinmu ke yaudararmu shi ne, muna tambayar yaya aka yi abin ya sami wannan mutum, mu manta yawan mutanen da abin zai iya samu. A Najeriya mun haura mutum miliyan 200. Abin da ke samun mutum ɗaya cikin miliyan, in ka baza shi a ƙasar nan, mutum 200 ya samu, kuma kowannensu zai rantse maka shi aka zaɓa. Ga wani gwaji da za ku iya yi a gidan kallon ƙwallo. 'Yan wasa 22 da alƙali ɗaya, mutum 23 ke nan a fili. Lissafi ya nuna damar a sami biyu daga cikinsu da ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. Ka ji kamar ba zai yiwu ba tunda kwanakin shekara 365 ne, amma mutum 23 in ka haɗa su biyu-biyu za ka sami haɗi 253, kuma kowane haɗi dama ce. A ƙasar Bulgariya, cikin Satumbar 2009, lambobi shida na cacar ƙasa suka fito iri ɗaya sak sau biyu a jere, kwana huɗu tsakani. Ƙasa ta ɗauka, gwamnati ta sa aka bincika, ba a gano maguɗi ba. In ana jefa ƙuri'a a ƙasashe da yawa, sati bayan sati, shekara da shekaru, dole wata rana faɗuwa ta zo daidai da zama a wani wuri.

Yanzu mu dawo kan tikitin ƙanen nan nawa. A ce ka haɗa wasa goma, kuma don sauƙi a ce kowane wasa rabi da rabi ne, ko ka dace ko ka faɗi. Damar ka dace duka goman ita ce ɗaya cikin 1,024. Ka dace sau biyu a jere, kusan ɗaya cikin miliyan. Da nisa, ko? To amma in samari miliyan suka buga, ana sa ran ɗaya zai yi hakan. Shi ne zai ɗauki hoton tikitinsa ya watsa a Facebook da WhatsApp, shi za a yi ta labarinsa a majalisa. Sauran kuwa kowa ya haɗiye baƙin cikinsa ya yi shiru, don ba wanda ke tallan asararsa. Kai kuma da ke kallo sai ka ga kamar kowa ci yake, kai kaɗai aka bari.

Masu sayar da "tabbataccen wasa" sun fi kowa sanin wannan. Dabarar tsohuwa ce. Mutum ya tara lambobin waya 1,024, ya gaya wa rabi ƙungiya kaza ce za ta ci, ya gaya wa ɗaya rabin ba za ta ci ba. Bayan wasa ya watsar da waɗanda ya yi wa kuskure, ya sake raba 512 da suka rage gida biyu. Bayan zagaye biyar yana da mutum 32 da suka ga ya faɗi daidai sau biyar a jere ba ko tuntuɓe. Su ne zai ce wa su turo kuɗi don wasa na shida. Wa zai ƙi? Alhali bai san komai ba ban da raba lamba gida biyu. Waɗanda suka yi wayo a 2016 kuma za su tuna MMM, tsarin zuba kuɗin nan mai alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. An biya mutane na farko, an biya su na biyu, sai suka kwaso jari da kuɗin adashi da na makaranta suka zuba, a watan Disamba aka rufe asusu. Biyan nan biyu su ne tsabar da aka watsa wa kaza.

Ko wanda ya ci da gaske ma ku bi shi ku ga. Wata mata a jihar New Jersey ta Amurka, Evelyn Adams, ta ci babbar caca a 1985, ta sake ci a 1986, jimilla sama da dala miliyan biyar. Gidajen cacar Atlantic City da masu zuwa roƙo suka cinye kuɗin tas.

Akwai ɗaya fuskar kuma, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, don ita tana raba zumunci. Saurayi ya faɗi da babur sau biyu a wata ɗaya, ko neman aure ya watse masa sau biyu, sai ya ce ai wannan ba banza ba, da hannu a ciki. Nan take an nemo mai laifi, kuma kullum ba ya wuce kishiyar uwa, ko gwaggo, ko wata tsohuwa marar gata a unguwa. Daga nan sai gidan boka, shi kuwa boka bai taɓa ce wa mai kuɗi a hannu "ba komai, je ka gida" ba. Ba wanda ya duba birkin babur ɗin, ba wanda ya tambayi irin gudun da yaron ke yi ko wayar da yake dannawa a kan titi.

Ku dubi abin da muke kira wabi. Mata ta haihu ɗan ya koma, ta sake haihuwa ya sake komawa, sai a ce ɗaya ne yake zuwa yana tafiya, ko a ce maita ce. Dalilan mutuwar yara suna da yawa, amma ga ɗaya da lissafinsa yake a fili. In miji da mata duka jininsu AS ne, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ta zuwa da sikila, kuma cikin baya bai san abin da na farko ya yi ba. Biyu a jere ɗaya cikin 16 ne. A ƙasar da masu AS suka kai miliyoyi, gidaje nawa ke nan? Gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa bai kai kuɗin zakaran da boka zai ce a kawo ba.

Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina, rana ta yi kusufi. Mutane suka ce don rasuwarsa ne. Wane arashi ya fi wannan? Ɗan Annabi, ranar rasuwarsa, rana ta yi kusufi. Da wani ne da ya yi shiru ya bar maganar ta ƙara masa kwarjini. Amma yana cikin jimamin ɗansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi biyu ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in kun gani ku yi salla ku yi addu'a. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. In shi bai yarda a ƙulla masa ma'ana a kan kusufin rana ba, ina ga ni da kai da tikitin naira ɗari biyu? A cikin littattafan nan biyu kuma aka rawaito cewa ba a saran mumini sau biyu daga rami ɗaya. Abu in ya maimaitu maka, ramin ake so ka duba.

Shi ya sa da yaron nan ya gama nuna mini tikitinsa biyu, na ce ya buɗe inda manhajar ke ajiye tarihin duk abin da ya taɓa bugawa, mu ƙirga tare tun daga ranar farko, nawa ya shiga, nawa ya fito. Har na ari biron mai shayi da bayan kwalin madara. Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa, a bari sai gobe. Yau kwana tara ke nan, in ya hango ni a teburin sai ya bi ta ɗaya layin.