Murɗa hita har ƙarshe ba ya sa ruwan tankin kifi saurin ɗumi

Abin nan yana damuna wallahi, masu kiwon kifin ado da yawa sun ɗauka in ruwa ya ƙi ɗumi sai a murɗa hita zuwa digiri 34 wai zai fi sauri. Ban ga laifinsu ba, a murhun gas haka ne, ka ƙara wuta tukunya ta tafasa da wuri. Amma hita ƙarfinta ɗaya ne, ko tana kunne ko tana kashe, lambar nan kawai tana gaya mata inda za ta tsaya ne. Saurin bai ƙaru ba, sai dai in ta kai can kifin ya sha wahala, tunda yawancin kifin ruwan ɗumi digiri 24 zuwa 27 suke so.

Misali tanki mai lita 100 ka sa masa hita mai wat 25 a ɗaki mai sanyi, fitilarta za ta kwana a kunne ruwan bai kai ba. Kusan wat ɗaya ake lissafawa kowace lita. Kuma a sa ta inda filta (na'urar tace ruwan tankin) ke turo ruwa, in ba haka ba gefenta kaɗai zai ɗumama ta kashe kanta, can ɗaya kusurwar kuwa sanyi ƙalau.