Kafin ka hau jirgi da kuɗin mutane

Assalamu alaikum ƙannena na Kantin Kwari da Singa da Ƙofar Wambai da Farm Centre, musamman wanda maigida ya fara sakar wa hannu yana tura shi sari Legas, ko Alƙahira, ko Gwanzu ta ƙasar Sin. Ranar da aka damƙa maka kuɗin kaya, maƙwabtan shago suka haɗo da saƙonsu, wannan miliyan biyu, wancan dubu ɗari bakwai, ranar ka shiga sahun mutanen da gidan caca ya fi so: baƙo, mai kuɗi a jiki, wanda babu idon gida a kansa.

A nan Kano caca laifi ce a dokar shari'a tun shekarar 2000, Hisba kuma ta sha garƙame shagunan cacar ƙwallo. Shi ya sa yawancinku ba ku taɓa ganin cikin kasino ba sai a fim. To da ka bar gari labari ya sauya. Wasu manyan otal-otal na Legas da Abuja suna da ɗakin caca a cikinsu. A Masar ba a barin ɗan ƙasa ya shiga, sai mai fasfo na waje, wato kai aka gina wa. Makau kuwa, wadda Fotugal ta mayar wa Sin a 1999, nan ne kaɗai aka halatta kasino a ƙasar, kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Gwanzu. Ba za a rasa wani ɗan gida da ya daɗe a can ba da zai ce maka, "Alhaji, zo mu je ka buɗe ido, kallo kawai za mu yi."

Hukuncin addini kun san shi. Aya ta 90 da ta 91 a suratul Ma'ida sun haɗa giya da caca wuri guda, suka faɗi abin da suke haifarwa: gaba, da ƙiyayya, da shagala daga ambaton Allah da salla. Har wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, hadisi ingantacce ya umarce shi ya yi sadaka, tun ma bai zauna ba. Amma na san zuciyar matashi, tana iya cewa sau ɗaya ne, in ci in tuba. Don haka bari mu yi abin da ɗan kasuwa ya fi ganewa, mu buga lissafi.

Da ka shiga, abin farko da ake yi shi ne a raba ka da kuɗinka a ba ka ƙwandalolin roba masu launi. Mutumin da zai yi rabin awa yana ciniki a kan naira hamsin a yadi, shi ne zai tura roba ɗaya ta dubu hamsin tsakiyar tebur ko gezau, saboda hannunsa bai ji nauyin kuɗi ba. Ɗakin galibi babu agogo, babu taga, sanyin na'ura da hasken fitila iri ɗaya ne dare da rana. La'asar ta wuce, magariba ta wuce, ba kiran salla, ba abin da zai tuna maka.

Poka, wato cacar karta, ita ta fi yaudarar masu wayo, domin ana cewa ba da gidan cacar kake karawa ba, da sauran 'yan wasa ne, kuma akwai gwaninta a ciki. Gaskiya ne akwai. Sai dai tambayi kanka a hannun wa gwanintar take. A irin wadda aka fi yi, karta 52 ce, a raba wa kowa biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya: uku tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya, ana zuba kuɗi a kowane mataki. Hannun da ya fi kowane ƙarfi a farko shi ne katin A guda biyu, kuma sau ɗaya yake zuwa a cikin rabo 221. Tebur yana yin rabo kamar 30 a awa, ka ga sai ka yi zaman awa bakwai kafin ka sa ran ganinsa. In ya zo ɗin, kana karawa da mutum ɗaya, za ka ci wajen 85 cikin 100. In mutum huɗu suka bi ka har ƙarshe, da ƙyar ka haura rabi. Ga wani wurin da sababbin shiga ke zubar da jari: kana da kati huɗu masu alama ɗaya bayan an buɗe ukun farko, saura ɗaya ka cika biyar masu alama ɗaya, wanda hannu ne mai ƙarfi. Katunan da za su cece ka 9 ne cikin 47 da ba ka gani ba. Ko ka biya kuɗin ganin biyun da suka rage, damarka kusan 35 cikin 100 ce. Sau biyu cikin uku za ka tashi a tutar babu. Waɗanda suke zaune a teburin kullum sun haddace waɗannan alƙaluma kamar yadda ka haddace farashin shadda, kuma tun daga yadda ka riƙe robarka sun gane baƙo ne ya zo. Abincinsu ke nan.

Shi kuwa gida ko a jikinsa wa ya ci wa ya faɗi, la'adarsa yake yanka a kowane zagaye. Ɗauki misali: mutum takwas, kowa ya zauna da dubu 100, jimla dubu 800 ke kan tebur. A ce abin da ake tarawa a tsakiya dubu 30 ne kowane rabo, gida na cire 5 cikin 100, wato 1,500. Rabo 30 a awa, dubu 45 ke nan. Daga bayan isha zuwa asuba, awa takwas, gida ya kwashe dubu 360. Kusan rabin kuɗin ya bar teburin, ko da dukanku gwanintarku ɗaya. Wane shago ne zai rayu ana cire masa wannan a dare guda?

Wanda poka ta ƙona yakan koma wajen faifan da ake juyawa da ɗan ƙwallo, wai can ya fi sauƙi. Gurbi 37 ne, daga 0 zuwa 36, amma in ka dace ninki 35 ake biyanka. Wannan ɗan giɓin shi ne 2.7 cikin 100 na duk abin da ka ɗora, a irin faifan Amurka mai sifiri biyu kuma ya haura 5. Sai wani ya koya maka dabarar ninkawa: ɗora dubu ɗaya a kan ja, wato guraben faifan masu jan launi, inda in ka ci ribarka daidai take da abin da ka ɗora, in ka faɗi ɗora biyu, sannan huɗu, wai dole wata rana ja ya fito. Lissafa da kanka. Faɗuwa goma a jere ta cinye naira miliyan ɗaya da dubu 23, zubi na sha ɗaya kuma miliyan ɗaya da dubu 24 ne, duk don ka ci ribar dubu ɗaya. Faifan ba ya tuna abin da ya fito ɗazu, kuma kowane tebur yana da iyakar abin da ake ɗorawa, an sa ta ne saboda masu irin wannan wayon. Garin neman gira a rasa ido.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, alhali ta nan ɓaraka take farawa: ciki da barci. Mutumin da ya ƙoshi, ya yi barcinsa, ya yi sallarsa a kan lokaci, da wuya a ja shi ɗakin caca. Wanda ake ja shi ne wanda tafiya ta hargitsa. Sin tana gaban Najeriya da awa bakwai. Sha biyun dare a Gwanzu biyar ɗin yamma ce a jikinka, idonka biyu tar, kasuwa ta tashi, ɗaki ya ishe ka. Da rana kuma kana yawon shaguna kana gyangyaɗi, ba ka karya ba saboda tsoron abincin da ba ka sani ba, sai biskit da lemon kwalba. A gida ka saba koko da ƙosai da safe, ɗan wake ko shinkafa da wake da rana, fura da la'asar, tuwo da dare. Duk wannan tsarin ya rushe cikin kwana biyu, kuma yunwa tana gajarta haƙuri, ta sa mutum yanke shawara da gaggawa.

Sai a toshe ramin da lemon ƙara kuzari. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yana ɗauke da sinadarin kafin, mai hana barci irin na goro da kofi, wajen miligiram 80, da sukari wajen giram 27, kusan ƙaramin cokali bakwai. Gwangwani huɗu a zama ɗaya ya kai ka miligiram 320, ka doshi 400 da ake ɗauka iyakar babban mutum mai lafiya a yini, sukarin kuma ya haura giram 100, ninki biyu na giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce. Kafin yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, don haka wanda ka sha sha biyun dare rabinsa yana nan har asuba. Abin da yake yi shi ne ya buɗe maka ido, ba ya mayar maka da hankalin da rashin barci ya ɗauke. An gwada cewa wanda ya yi awa 17 zuwa 19 bai runtsa ba, nutsuwarsa da saurin lurarsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Kai da ba ka taɓa kurɓar giya ba, ga ka zaune kana lissafin kuɗin mutane da ƙwaƙwalwar mashayi. Ita giyar ma a gidaje da yawa kyauta ake zagayawa da ita ga masu wasa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Gyaran tun daga Kano ake fara shi. Duk kuɗin da za a iya turawa kai tsaye ga mai kaya ko amintaccen wakili, a tura kafin ka tashi, ka tafi da takardar shaida. Abin da ya zama dole ka riƙe, in ka canzo a Wapa, ka raba shi: na kaya daban a ɗaure, na masauki da abinci da mota daban. In ya haura dala dubu 10 dokar Najeriya ta ce ka bayyana shi a filin jirgi, ka bayyana. Rubuta saƙon kowa da sunansa da adadinsa, ka bar kwafi wajen maigida. Ranar da ka sauka, ko washegari da safe, ka biya kuɗin kaya. Kuɗin da ya kwana uku a ƙarƙashin filo shi ne yake fara yi wa mutum raɗa. Katin banki ka rage masa iyakar cirewa ta yini tun kana gida, lokacin da hankalinka yake jikinka.

Masauki ka nemi inda 'yan uwa suke, kusa da masallaci da abincin halal. A Gwanzu unguwar Xiaobei cike take da su. Ka ci abinci mai nauyi sau uku ko ba ka jin marmari: shinkafa, ƙwai, kifi, wake, ganye. Ruwa ya fi lemo. Shayi da kofi da goro ka tsayar da su daga la'asar. Kwana biyun farko ka fita cikin hasken safiya, kada ka yi dogon barcin rana, jiki zai kama agogon garin. In tafiyar cikin ƙasa ce, dabino da gyaɗa da kilishi a jaka suna maganin yunwar hanya, amma kada ka ɗauki nama zuwa Sin, ana ƙwacewa a filin jirgi. Sannan kada ka bi kowa "kallo". Babu wanda ya taɓa shiga da niyyar zubar da jarin maigidansa, kowa da kallo ya fara. Wanda ma ya fi shiga haɗari shi ne wanda ya ci a daren farko, don shi ne zai koma.

Kuma in an dawo gida abin ba ya tsayawa a filin jirgi, yana biyo mutum cikin waya. Tikitin cacar ƙwallo na wasa goma da ake haɗawa, a ce kowane wasa rabi da rabi ne ana biyan ninki 1.90, damar cinsa ɗaya ce cikin 1,024, abin da za a biya kuma ninki 613 ne kacal. Kowace naira 100 ta koma kamar naira 60 tun kafin a take ƙwallo. "Wasa ɗaya ne ya ɓata min" da kuke ta faɗa, haka aka tsara abin ya riƙa fitowa.

Wanda kuma ya riga ya taɓa kuɗin mutane, ɗan'uwa, abin da zai ƙarasa ka shi ne neman fanshewa. Ramin dubu 500 ana cike shi da aiki da haƙuri; in ka ci bashin manhajar waya ko ka jinginar da babur don ka koma ka dawo da shi, miliyan uku zai zama. Tsaya a inda kake. Zauna ka rubuta ainihin abin da ya salwanta, ba tare da ragi ba. Ka samu wani babba da maigida yake jin nauyinsa, kawunka ko limamin unguwa, ku je tare ka faɗi gaskiya kafin ranar da za a nemi kaya, a yanka maka abin da za ka riƙa biya duk wata, a rubuta da shaidu. Katin banki ka miƙa wa yayanka ko maiɗakinka na wasu watanni, ka goge manhajojin, ka fita daga zaurukan da ake raba lambobin wasa. Abin da ka taɓa ci a caca, ka tambayi malami yadda ake rabuwa da shi. In ka ga ka yi rantsuwa sau biyu sau uku kana komawa, ko barci ya ƙaurace maka, ko zuciya ta fara raya maka ka cutar da kanka, to abin ya zama ciwo, likitoci ma sun sa jarabar caca cikin cututtukan da ake dubawa. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Ka sa ɗan'uwanka ya raka ka, ku tafi da sassafe don a samu yankar kati.