Ɗaliban da ke kaɗa ƙararrawar coci a Oksfod ba zaman banza suke ba

Jama'a, in aka ce ɗalibin jami'a a Ingila yana ɗaukar maraice guda a kowane mako, ya hau matsattsen tsanin hasumiyar coci don ya ja igiyar ƙararrawa, da yawanmu sai mu ce ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Ni kam ban yarda da wannan magana ba, kuma ina so in faɗi dalilina.

A birnin Oksfod akwai ƙungiyar ɗalibai masu kaɗa ƙararrawa tun 1872. Ta Kambirij ta biyo baya a 1879, ta Jami'ar Landan kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗalibi shekara uku ko huɗu yake yi ya kama gabansa, amma ga ƙungiya ta haura shekara 150 ba ta mutu ba. Duk farkon zangon karatu, a watan Oktoba, tsofaffin 'yan ƙungiya sukan kafa teburi suna neman sababbin shiga, wanda ya taɓa yi a ƙauyensu da wanda bai taɓa ganin cikin hasumiya ba. Ba a tambayar ɗan wane ne kai. Su koya maka, su ma haka aka koya musu.

Sai an san yadda aikin yake kafin a gane nauyinsa. Kowace ƙararrawa an ɗaura ta ne a jikin babban wili na katako, igiya ta zagaye wilin ta sauko ɗakin da masu kaɗawa suke tsaye a da'ira, mutum ɗaya igiya ɗaya. In ka ja, ƙararrawar takan juya gaba ɗaya, daga bakinta na kallon sama har ya sake kallon sama, sannan ta buga sau ɗaya. Juyin nan yana cin kusan daƙiƙa biyu. Ƙarfen da ke saman kanka yana iya kai ɗaruruwan kilo, babbar ta cocin Libaful ma ta haura tan 4. Ba ka da ikon tsayar da ita yadda ka ga dama, iyakarka ka ɗan jinkirta ta ko ka ɗan gaggauta. Wanda ya ja da ƙarfin tsiya sai ya karya sandar katakon da ke tare ta, igiya ta yi sama da gudu, in bai sake ba ta ɗaga shi. Shi ya sa sabon shiga yakan shafe makonni malami na tsaye kusa da shi, sau da yawa an ɗaure ƙarfen da ke bugun ƙararrawar don kada a dami mutanen unguwa.

Tun da ba za a iya fitar da waƙa da ƙarfe mai wannan nauyi ba, sai mutanen Ingila na ƙarni na 17 suka fito da wata dabara, wato sauya jerin bugu. A fara daga ƙarama zuwa babba, ɗaya, biyu, uku, har ƙarshe. A zagaye na gaba wasu su yi musayar wuri da maƙwabtansu. Doka biyu ce mai tsanani: ƙararrawa ba ta tsallake wuri fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma ba a maimaita jerin da aka riga aka buga. Ƙararrawa 6 suna ba da jeri 720, guda 7 suna ba da 5,040, wanda ke cin kusan awa uku a tsaye, ba hutu, ba shan ruwa, ba takarda a gabanka, komai a ka yake. Guda 8 kuwa jeri 40,320 ne, kuma an taɓa kammala shi a garin Lafbara a 1963, cikin awa 18 ba minti biyu. Fabian Stedman, wanda ya rubuta ƙa'idodin abin a shekarun 1660 da 1670, har yau ana kaɗa wani tsari da sunansa. Ba mamaki ɗaliban lissafi da na kwamfuta suke yawan faɗawa ciki.

Amma ni ba lissafin ne ya fi kama zuciyata ba. Duk wanda ya taɓa jin mata suna lugude a turmi ɗaya ya san cewa daɗin abin yana wajen kowace ta san lokacin saukar taɓaryarta. To haka abin yake a hasumiya. Komai ƙwarewarka, in na kusa da kai ya yi jinkirin ƙiftawar ido, duk gari ya ji karo. Ba wanda ake gani daga titi, ba wanda ake tafa wa. A gasar da ƙungiyoyin jami'o'i suke yi tsakaninsu, alƙalai ba sa kallon masu jan igiya, saurare kawai suke yi, su ƙirga inda bugu ya kauce. Yaro ɗan shekara 19 yakan tsaya kusa da dattijon da ya yi ritaya, wani lokacin ma yaron ne jagoran da ke kiran sauyi, dattijon na bi. A zamanin da matashi ke kwana da waya a hannu, kowa na neman a san da shi shi kaɗai, samun aikin da ba ya yiwuwa sai ka saurari na gefenka abu ne mai daraja ƙwarai a wurina.

Na san wani zai ce ai ibadar Kirista ce. Gaskiya ne, asalin ƙararrawar kiran masu ibada ne ranar Lahadi, kuma ɗaliban nan suna sauke wannan nauyi, shi ne ma ladan aron hasumiyar da coci ke ba su. Ban ce kowa ya je ya kama igiya ba, kowa da addininsa da iyakarsa. Sai dai a can ƙararrawa muryar gari ce kuma. A 1940 gwamnati ta hana kaɗa ta, aka ce sai in Jamus ta kawo mamaya, ba a ɗage hanin ba sai 1943. Da Sarauniya Elizabeth ta rasu a 2022, an naɗe ƙarfen bugun da fata don sautin ya dusashe, alamar makoki. Su ɗaliban Oksfod ma da ƙararrawa suke kwana: babbar nan ta kwalejin Christ Church tana bugawa sau 101 kullum da ƙarfe 9 da minti 5 na dare, tsohuwar alamar ɗalibai su koma kafin a rufe ƙofa.

Ƙorafin maƙwabta kan ƙara ma yana da hujja, mai jariri ko mai aikin dare yana da haƙƙi. Shi ya sa wurare da yawa suke rufe tagogin hasumiya lokacin gwaji, ko su yi amfani da na'urar da ke fitar da sautin a cikin ɗaki kawai.

Abin da ya sa nake kare ɗaliban nan shi ne hannaye sun yi ƙaranci. Ingila tana da hasumiyoyi sama da 5,000 masu irin waɗannan ƙararrawa, kuma yawancin masu kaɗa su sun manyanta. Tsohuwar maƙerar ƙararrawa ta Whitechapel a Landan ta rufe a 2017. A 2018 sai da aka yi yekuwar neman sababbin mutum 1,400, adadin masu kaɗawar da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, aka sake yin wata yekuwar kafin naɗin Sarki Charles a watan Mayun 2023. Yekuwa ba ta samar da gwani cikin wata guda. Jami'a kuwa tana riƙe da matashi shekara uku, ga hasumiya a kusa, ga abokai sa'anninsa. In ya gama ya samu aiki a wani gari, yakan tarar da cocin unguwa mai ƙararrawa shida da masu kaɗawa huɗu, ya cike gurbi, bayan 'yan shekaru shi ne zai koya wa yaran garin.