Masu cewa Yahudawan Warso sun miƙa wuya, sun san yadda geto yake kuwa?

Duk lokacin da aka ɗauko zancen abin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawan Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, sai an samu mai tambaya: mutane da yawa haka, me ya hana su tashi? Tambaya ce mai sauƙin yi ga wanda ya ci ya ƙoshi. A ganina mai yin ta bai san yadda aka tsara zaman geto ba, wato unguwar da ake killace Yahudawa a cikinta, kuma ya ɗauka in ba a ji ƙarar bindiga ba, to ba a yi tirjiya ba.

Mu ɗauki Warso, babban birnin Polan. Ranar 16 ga Nuwamba 1940 Jamusawa suka rufe unguwar da suka killace wa Yahudawa, bayan sun kewaye ta da bango mai tsayin mita uku. Aka cusa mutum sama da 400,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 3.4. Yahudawa sun kai kusan kashi 30 cikin ɗari na mazauna birnin, amma rabonsu na ƙasar birnin bai kai kashi uku ba. Ɗaki ɗaya, mutum bakwai ko fiye. Abincin da hukuma ta ware wa Bayahude a 1941 kalori 184 ne a rana, alhali na Bajamushe ya haura 2,600, kuma baligi na buƙatar kusan 2,000 kafin ya iya tsayawa da ƙafafunsa. Wannan ba ƙarancin abinci ba ne irin na lokacin yaƙi. Lissafi ne aka zauna aka yi. Kafin tsakiyar 1942 yunwa da zazzaɓin taifos, wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa, sun kashe kusan mutum 83,000.

To ta yaya sauran suka kai labari? Da fasa-ƙwauri. Mafi yawan abincin da ake ci a geto ta ɓarauniyar hanya yake shiga, kuma yara ƙanana na cikin masu shigo da shi, don su ne jikinsu ke iya ratsa ramin da aka huda a gindin bango. Yaro zai fita, ya yi bara ko ya sayar da wani abu, ya dawo da dankali a cikin riga. In mai gadi ya gan shi, harbi ne. Daga Oktoban 1941 ma doka ce a rubuce: Bayahuden da aka kama a waje kisa, wanda ya ɓoye shi ma kisa.

Duk da haka an buɗe wuraren dafa abincin sadaka. Mazauna kowane gida sun kafa kwamitin da ke tara taro da sisi don marayu da marasa lafiya. An hana makaranta, malamai suka riƙa koyarwa a ɗakunan kwana. An hana ibada cikin jam'i, aka ci gaba da yi a ɓoye. Har makarantar koyon likitanci aka gudanar, da sunan horar da masu yaƙi da annoba. Likitocin geto kuwa, ƙarƙashin Dakta Israel Milejkowski, sun shafe watanni a 1942 suna nazarin abin da yunwa ke yi wa jikin ɗan Adam, su ma da yunwar a cikinsu. An buga binciken a 1946, shi kuma bai rayu ya gani ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Emanuel Ringelblum, malamin tarihi. Ya tara mutane kusan sittin, malamai da marubuta da malaman addini da 'yan kasuwa, suna haɗuwa ranar Asabar a asirce, ƙungiyar da aka sani da Oyneg Shabes. Aikinsu tattara shaida ne: rubutun da mutane ke yi na yau da gobe, insha'in 'yan makaranta, katin rabon abinci, tikitin mota, sanarwar Jamusawa da aka liƙa a bango, bayanan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Su ne suka haɗa rahoto kan kisan da ake yi da iskar gas a sansanin kisa na Chelmno, 'yan gwagwarmayar Polan suka kai shi Landan, BBC ta watsa labarin a Yunin 1942. Da suka ga ƙarshe ya matso, sai suka zuba takardun a akwatunan ƙarfe da garewanin madara suka binne. Mutum uku kacal a cikinsu suka tsira. An tono kashi na farko a 1946, na biyu a 1950, na uku har yau ba a gan shi ba. Shafuka kusan 35,000 ne, kuma UNESCO ta sa su cikin kundin tarihin duniya a 1999.

Abin da ya sa na yarda da waɗannan takardu shi ne ba su yi wa kowa kwalliya ba. A ciki akwai labarin 'yan sandan Yahudawa da ke dukan 'yan uwansu, da manyan 'yan fasa-ƙwauri da ke cin nama a gidan abinci, gawa na kwance a ƙofa an rufe ta da takarda. Mutanen da ke jiran mutuwa sun rubuta laifin nasu da na azzaluminsu tare.

Nan ne wuri mai wuya. Jamusawa sun naɗa wa kowane geto majalisar Yahudawa, su ne masu aiwatar da umarni. Adam Czerniakow, shugaban ta Warso, da aka ce ya riƙa kawo mutum dubbai kullum har da yara, ya sha guba ranar 23 ga Yuli 1942, kwana ɗaya da fara kwashe mutane daga geto zuwa sansanin kisa. Chaim Rumkowski, shugaban majalisar geton birnin Lodz, ya bi wata hanyar. Ya yi imani in geto ya zama masana'antar da Jamus ba za ta iya rabuwa da ita ba, za a bar su. A Satumban 1942 ya tsaya gaban jama'a ya roƙi iyaye su miƙa yara 'yan ƙasa da shekara goma da tsofaffi don sauran su rayu. Geto ɗinsa ya fi kowanne daɗewa a Polan, har Agustan 1944, sannan aka tura kusan kowa sansanin kisa na Auschwitz, har da shi. Ba na wanke Rumkowski, mutum ne mai son mulki da kama-karya. Amma wanda ya ajiye masa wannan zaɓi a gabansa shi ne mai babban laifin.

Ga kuma yaudara. An gaya wa mutane za a kai su gabas ne su yi aiki. A Warso har burodi kilo uku da jam kilo ɗaya aka yi alkawari ga duk wanda ya kai kansa tashar jirgi. Daga Yuli zuwa Satumban 1942 an kwashi kusan mutum 265,000 zuwa sansanin kisa na Treblinka. Uba mai 'ya'ya biyar, muddin yana da ɗan zaton za su rayu, ba zai jefi soja da dutse ba, don ya san za a harbe layin gidansu gaba ɗaya. Sai da zaton ya ƙare matasan da suka rage suka ɗauki makami. Ranar 19 ga Afrilu 1943 'yan ɗaruruwa, da ƙananan bindigogi da kwalaben fetur, suka tari sojan Jamus, aka kusa wata guda ana fafatawa, sai da aka ƙone unguwar gida-gida.

Ɓuya a waje ma ba tsira ba ce kai tsaye. Sai da kuɗi, da takardun bogi, da fuskar da ba za ta ja ido ba, da harshen Polan marar gargada, da haddar addu'o'in Katolika. Namiji kuwa kaciyarsa kaɗai ta isa ta tona shi, tunda Kiristocin ƙasar ba sa yi. A titi akwai masu farautar Yahudawa su tatse su ko su miƙa su. Akwai kuma irin Jozef da Wiktoria Ulma na ƙauyen Markowa, waɗanda aka harbe ranar 24 ga Maris 1944 tare da 'ya'yansu shida da Yahudawa takwas da suka ɓoye. Shi kansa Ringelblum a wani rami ƙarƙashin lambu ya ɓuya da mutum kusan arba'in, a watan Maris ɗin 1944 wani ya tona, aka kashe su har da mai lambun. Musulmi ma na cikin masu ɓoyewa: a Albaniya iyalai da dama sun yi, a Berlin kuma likita Bamisire, Mohamed Helmy, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya har yaƙi ya ƙare.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce: Gaza fa? Fushin da ake yi kan abin da ake wa Falasɗinawa yana da hujja, ni ma ina yinsa. Amma idan fushin ya kai mutum ga ɗora hoton Hitler a Facebook yana sa masa albarka, ya ɓata rawarsa da tsalle. Yaron da aka harbe da dankali a riga a 1941 ya mutu shekara bakwai kafin a kafa Isra'ila. Baƙin mutum mai yabon Hitler kuma ya kamata ya san matsayinsa a wannan aƙida. A 1937 gwamnatin Nazi ta yi wa ɗaruruwan yaran Jamus da ubanninsu sojojin Afirka ne tiyatar hana haihuwa da ƙarfi. A Yunin 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus sun ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma da ke yi wa Faransa yaƙi daga fararen abokansu, bayan sun ajiye makamai, suka buɗe musu wuta.